Ƙwan Ayun da Kawu Ya Kawo Daga Teku

Shekarun da na yi ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Birnin Kebbi, babu abin da nake zanawa a allo hankali kwance irin halittun teku. Dalili kuwa, babu mai ƙaryata ni. Idan na zana tarwaɗa na rage mata gashin baki ɗaya, sai ajin ya kaure da gyara, don rabin ɗaliban da romon kifi aka yaye su. Amma idan abin ƙasan teku ne, ko ƙafa goma na ba shi sai su kwafa su yi shiru. Da ni da su babu wanda ya taɓa ganin teku. Babban ruwan da muka sani shi ne gulbinmu, idan ya cika ya haura fadamun shinkafa.

Wanda ya ga teku a danginmu shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata. Falken albasa ne a Argungu, yana loda mota ya bi ta har Legas, garin da har yau bai yarda ya kira shi da wani suna ba sai Ikko. Ba ya dawowa hannu rabbana, sai dai tsarabarsa ba irin ta mutane ba ce. Ya taɓa kawo dashen kwakwa ya kafa a tsakar gida, akuya ta gama da shi kafin ya gama gaisawa da maƙwabta. Ya taɓa kawo rigar da masu jirgin ruwa ke sawa don kada su nutse, ya rataye ta a ɗakinsa, ba ya barin kowa ya kai ta gulbi wai kada ta jiƙe.

A wurin Kawu, karatun boko tocila ce, duk inda ka haska dole ka gani. Tunda an ce masa halittu na karanta, to duk abin da Allah ya halitta yana ƙarƙashin ofishina. Ya kira ni kan tarin jaki, ya kira ni kan ruɓewar albasa, ya kira ni kan wani ƙari da ya fito wa maƙwabcinsa a wuya. Saboda haka ban yi mamaki ba da wayarsa ta shigo wata Juma'a da la'asar.

"Malam, duk abin da kaka yi aje shi ka taho. Na zo da abin da ko kakanka bai taɓa gani ba."

Na ce, "Kawu, mene ne?"

Ya ce, "Da na san ko mi ne, mi zai sa in kira ka?"

Washegari na shiga motar haya, muka wuce Ambursa rana ba ta yi zafi ba, na sauka Argungu da hantsi. Tun daga bakin layi na ga takalma a ƙofar zauren Kawu kamar ana ɗaurin aure. Na yi sallama, aka buɗa mini hanya. Kawu na zaune a kan buzu, gabansa faranti, a kan farantin kuma wani abu lulluɓe da sabon tawul.

Bai yaye tawul ɗin ba sai da ya sake ba da labarin tun daga farko, domin ni. Daga yadda wasu ke motsa baki tare da shi na gane sun haddace. Ya ce bayan ya sauke albasa, wani abokin cinikinsa ya kai shi bakin teku ya sha iska. Masunta na jan taru, shi kuma yana tsaye nesa kaɗan yana riƙe da takalminsa. Sai ya duba wani ɗan gurbi da ruwa ya kwanta a cikin yashi, ya ga ɗigon ruwa yana tafiya a cikin ruwa.

"Ruwa cikin ruwa, Malam, amma da niyyar kansa. Girmansa bai wuce ɗiyan magarya ba. Kana ganin yashi ta cikin jikinsa. Ga wasu fitilu suna gudu a gefensa, kore, ja, shuɗi, awa na motar amarya."

Ya ce ya shanye sauran ruwan robar da ke hannunsa, ya kamfaci abin da ruwansa ya rufe. Da ya koma masauki ya ga roba ba ta dace da darajarsa ba, ya sayi kwalba mai faɗin baki ya juye. Don kada yaran mota su yi masa wasa da ita, ya ajiye ta gaba, kusa da ƙafar direba, inda ɗumin inji ke tasowa. A haka suka taho tun daga Ikko har Argungu.

Sannan ya yi bismilla ya yaye tawul.

Na ɗaga kwalbar na duba ta wajen hasken ƙofa. Ruwa ne mai ɗan duhu-duhu, a ƙasansa wani abu kamar yauƙin kuɓewa da aka wanke daga tukunya. Na juya ta, na karkata, na girgiza a hankali. Babu komai. Na ɗago ido in faɗi haka, sai wani daga baya ya ce, "Ga shi can ya motsa!" Wani ya ce shi ma ya gani. Wani dattijo ya ce jiya da yamma ya ga koren, jan ne dai bai fito masa ba. Kawu ya ce abin yana da kunya, ba ya bayyana idan mutane sun yi yawa, amma bai ce kowa ya fita ba.

Na ce, "Kawu, ba ka ɗauke shi a waya ba?"

Ashe ya ɗauka. Bidiyon gajere ne, kuma babban yatsan Kawu ne ya fi kowa fitowa a cikinsa. Iska na kaɗawa, muryarsa na ta kabbara, sai sama, sai ƙafarsa, sai wata mai sayar da gasasshiyar ayaba. Can a tsakiya hannun ya ɗan tsaya, sai ga abin. Kawu bai ƙara gishiri ba ko kaɗan. Ɗan dunƙule ne garau kamar ƙanƙara, yana juyawa a hankali, launuka na zarya a jikinsa daga sama zuwa ƙasa, yana jan wasu zaruruwa biyu sirara a bayansa. Na mayar da bidiyon baya na sake kallo, na sake. Na manta da mutanen da ke zauren, sai da Kawu ya yi gyaran murya.

Dole in ce wani abu, ga jama'a, ga takardar shaidar digiri da Kawu ya taɓa yawo da hotonta a kasuwa. Na gyara zama na ce wannan ɗan jelifish ne, wata halittar teku mai jiki kamar kamu, kuma a yi hattara domin tana harbi kamar kunama.

Kawu ya buɗe tafin hannunsa ya nuna wa jama'a. "A nan na aza shi. Ya daɗe. Ban ji komi ba sai sanyi."

Magana ta rabu biyu: ko dai littafin Malam ya yi kuskure, ko kuma jikin Kawu a dafe yake, harbi ba ya kama shi. Kawu bai ɓata lokaci ba ya zaɓi ta biyu. Ya tuna wa mutane cewa mahaifiyarsa ta ba shi wani jiƙo yana yaro.

A nan ne Baba ya sa baki. Baba maƙwabcin Kawu ne, tsohon masunci da ya ajiye komar kamun kifi saboda ciwon gwiwa, amma bai ajiye hukunci kan duk abin da ya shafi ruwa ba. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya kalla sau ɗaya ya miƙo.

"Wanga ƙwan ayu na."

Na ce, "Baba, ai ayu ba ya ƙwai. Haihuwa yake yi, ya shayar da ɗansa nono kamar saniya."

"Na gulbi ke nan," in ji shi. "Shi na sani tun ina zuwa su Yawuri, ba a haife ka ba. Ina maganar ayun teku. Ka taɓa ganin ayun teku?"

Na ce ban taɓa ba.

"Tekun hwa, ka taɓa ganin ta?"

Na ce ban taɓa ba.

Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa, aka yi dariya. Sai a mota, a hanyar komawa gida, na tuna cewa shi ma Baba iyakarsa Yawuri.

Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san abin da ake faɗa game da ayu, da irin taimakon da ake cewa sassan jikinsa na yi wa magidanta. Ba a faɗin wannan a zaure, amma kowa ya ji shi a cikin maganar Baba. Kafin mako ya zagayo, masu zuwa kallon kwalba sun ragu, masu zuwa gaishe da Kawu su kaɗai sun ƙaru. Mutum zai zo bayan azahar lokacin da layi ba kowa, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi farashin albasa, sannan ya fito da 'yar kwalbar turare da ya wanke. Kawu ba ya sayarwa, wannan na shaide shi. Ɗigo biyu yake ba mutum saboda zumunci, ya ce a sa a shayi.

Labarin ya iso ni ne ta bakin Inna, matar Kawu. Inna na sayar da zoɓo da kunun aya, kuma firjinta shi ne jarinta. Ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗan nan, ka zo ka raba ni da kwalbar ga. Ya fitar mani da zoɓo ya sa ta a firji, ita kaɗai a bene guda awa sarauniya. In an ɗauke wuta shi ka yi mata fifita. Ni tunda nike bai taɓa yi mani fifita ba. Ga baƙi, kowa sai an dafa mai shayi. Kai da ka yi karatu, ka hwaɗa masu ko mi ne kowa ya huta."

Na ce ina bincike. Gaskiya kuwa na duba littattafan da ke makarantarmu, na ga jelifish iri-iri, duka masu kama da lema ne, babu mai kama da abin Kawu.

Kafin in gama binciken, Kawu ya zo Birnin Kebbi da kansa, kwalbar na cikin kula da ƙanƙara. Ya ce ya yi tunani, abin teku sai mutanen teku. Akwai wani ɗan kasuwa mutumin kudu da ke sayar da kayan gyaran injin ban ruwa, wurinsa Kawu ke sayen kaya, shi za mu je mu tambaya. Muka same shi a shagonsa yana cin ƙosai. Kawu ya ajiye kula a kan kanta, ya kunna masa bidiyo, ya ce, "Oga, abin garinku na kawo maka. Mi kuka ce mai da yarenku?"

Mutumin ya kalli Kawu, ya kalle ni. Da Hausar da ta fi tawa zama ta Kabi ya ce, "Alhaji, ni hwa nan anka haife ni, bayan tsohuwar kasuwa. Garin ubana kuwa tudu na, ko rijiya sai an sha wuya. Teku a talabijin nike ganin ta, awa ku."

Na ji daɗin wannan amsa, na ce yau ga mutum guda da zai ce bai sani ba ya tsaya a nan. Amma bidiyon bai bar shi ba. Ya sake kallo, ya goge hannu, ya ce shi dai a ganinsa wannan ba halitta ba ce. Irin ƙwallon wasan yara ne mai batir da ake shigowa da su, wani yaro ya yar a ruwa. Zaruruwan nan biyu kuwa waya ce. Batirin ne ya mutu shi ya sa ba a ganin komai.

Kawu ya rufe kularsa. A waje ya ce mini daga yau ya canza wurin sayen kayan inji, kuma bai canza ba.

Abin da ya kamata in yi tun farko sai a lokacin na yi shi. Akwai wata da muka yi jami'a tare, ta ci gaba da karatu har ta zama dakta, tana aikin binciken halittun ruwa a can bakin teku. Na daɗe ban neme ta ba, saboda a aji ita ce mai amsa tambayar da na kasa, kuma mutum ba ya mantawa da irin wannan da wuri. Na tura mata bidiyon da doguwar gaisuwa. Ta amso da saƙon murya, rabinsa dariya ce kan kabbarar Kawu. Ba ta faɗa mini sunan abin ba. Ta ce tunda malami ne ni, in tsayar da bidiyon in duba abu uku: siffar jikin, layukan da launi ke bi, da zaren da yake ja.

Na zauna a ɗakin malamai lokacin tara, ina tsayar da bidiyo ina matsar da shi kaɗan-kaɗan. Jikin ba lema ba ne, dunƙule ne, kuma ba ya buɗewa ya rufe kamar yadda jelifish ke yi in zai yi tafiya. Yana sulalawa ne kawai. Launukan ba ko'ina suke ba, a kan layuka suke, daga kai zuwa gindi, kamar layukan jikin lemun zaƙi da aka ɓare. Ƙirga su ya ba ni wahala domin abin na juyawa, yatsan Kawu kuma na shigowa daidai inda ba a son sa. Na samu shida, na samu tara, daga baya na lura da tazarar da ke tsakaninsu na tsaya a kan takwas. Zare kuwa biyu ne, kowanne da 'yan rassa a gefe ɗaya kamar gashin tsuntsu.

Na tura mata. Ta ce, "Ka ci jarrabawa, Malam." Sannan ta yi mini bayani. Ba jelifish ba ne, dangi ne daban, kama ce kawai ta ruwa-ruwan jiki. Layukan nan takwas jerin 'yan gashi ne ƙanana da suka manne da juna kamar haƙoran mataji, da su yake tuƙa kansa, kuma sunan da masana suka ba dangin ma'anarsa ke nan, masu ɗauke da mataji. Launin da Kawu ya gani ba fitila ba ce, hasken rana ne ke tarwatsewa a kan gashin idan suna kaɗawa. Ba ya harbi. Zaren nan biyu danƙo gare su, da su yake kama ƙananan halittun da yake ci. Jikinsa kusan duka ruwa ne, shi ya sa da ya mutu a ɗumin mota ya narke. Ta ce ainihin wane iri ne a cikin dangin ba za ta yanke daga wannan bidiyon ba, sai ta gan shi da rai. Ta ƙara da wani bayani guda game da yadda yake haihuwa, wanda na ji na ce to, na wuce, ban san shi ne zai fi komai amfani ba.

Asabar na koma Argungu. Kawu ya sa an sanar cewa Malam ya gano, don haka zauren ya cika fiye da na farko. Baba na gefensa na dama. Na lura da wasu fuskoki da ban gani ba wancan karon, magidanta masu kamala, sun zauna can baya kusa da ƙofa.

Na yi bayanin siffa, na yi na layuka takwas, na yi na hasken rana. Na janye maganar harbi, Kawu ya ɓata fuska domin jiƙon mahaifiyarsa ya tashi a banza. Da na ce abin ya mutu ya narke tun a hanya, wanda ya ga ya motsa ranar farko ya ce shi dama inuwar hannuna ya gani.

Kawu ya ce, "Duk mun ji. Sunansa mi?"

Na ce ba shi da suna da Hausa, amma ma'anar sunansa a littafi ita ce mai mataji.

"Yana da gashin kai?"

"Ba shi da kai ma, Kawu."

"Ba kai, ba gashi, mataji takwas." Ya juya ga Baba. "Ka ji aikin boko."

Wani ya tambaya ko ana cin sa. Na ce ko an ci babu abin da za a tauna. Wani ya tambaya ko yana da tsada a can. Na ce Dakta ta ce wani lokaci teku kan cika da su har su dami masunta a taru. Wannan ta yi wa Kawu zafi fiye da komai, na ga ya kalli kwalbar kamar ta ci amanarsa. Baba ya tambayi abin da yake ci. Da na ambaci ƙananan halittu har da ƙwan kifi, ya ce, "Ka ji! Na ce da ƙwai a cikin maganar." Ya gyara zama kamar an tabbatar da shi.

Sai wani mai shago da ke tsakiya ya ce, "Malam, shi wanga da Alhaji ya kawo, namiji na ko mace?"

Na amsa yadda zan amsa wa ɗalibi, ba tare da na yi tunani ba. Na ce ai yawancin irinsu kowane ɗaya namiji ne kuma mace ce a lokaci guda. Jiki ɗaya ke yin aikin biyu.

Ana jin Inna tana daka a cikin gida.

Kawu ya ce a hankali, "Mata-maza?"

Na ce, "To, kusan haka."

"A'uzubillahi." Ya ja buzunsa baya daga farantin.

Magidantan da ke bakin ƙofa ba su kalli juna ba. Ɗaya ya duba agogo ya ce yana da ban ruwa a fadama. Na biyu ya tashi bai ba da dalili ba, ya sa takalmin wani ya fita, aka bi shi da kira bai waiwayo ba. Wani ya yi gyaran murya sau biyu, da ƙarfi, kamar mai gwada ko muryar na nan yadda ya bar ta. Na yi ta cewa ruwan gishiri ne kawai, babu abin da zai yi wa kowa, amma da yake babu wanda ya amsa cewa ya sha, babu wanda zai iya nuna ya ji sanyi a ransa.

Baba ya ce shi dai a yi masa shaida, bai taɓa cewa ƙwan ayu ne ba, cewa ya yi yana kama da shi. Kuma bai ce kowa ya sa a shayi ba.

Saura yadda za a yi da kwalba. Kawu ya ce a kai gulbi a zubar. Baba ya ce sam, ba a gabansa ba, salon abin ya farfaɗo ya hayayyafa, tunda ba ya bukatar aboki, ya cinye ƙwan kifin Argungu. Na ce ya mutu, kuma ba ya rayuwa a ruwan daɗi. Ya ce haka na ce yana harbi. Aka ce a zubar a bayan gida. Inna ta leƙo daga soro ta ce ba a gidanta ba, tana da kaji da zakara guda ɗaya tak, ba ta son rikici. A ƙarshe aka yanke cewa tunda gwamnati ce ta koya mini sanin abin, gwamnati ta karɓi kayanta. Aka naɗe kwalbar a leda biyu aka miƙa mini. Inna ta raka ni har ƙofa da gorar zoɓo mai sanyi, tana sa mini albarka kamar na dawo daga yaƙi.

Na kai ta ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu na ajiye a kan kanta, kusa da wani ƙadangare da ya shekara aru-aru a cikin ruwan magani. Shugaban makaranta ya gani ya tambaya, na yi masa bayani, ya sa aka manna mata takarda. Daga ranar, duk baƙon da ya zo duba makaranta sai an kai shi ya ga halittar tekunmu. Suna sunkuyawa su duba, su gyaɗa kai, wasu su ce ma sha Allah.

Bayan 'yan makonni ina cikin aji aka ce ina da baƙo. Na fito na ga ɗaya daga cikin magidantan nan na bakin ƙofa, dattijo mai furfura a gemu, manomin shinkafa, ya sha babbar riga kamar mai zuwa biki. Ya ce ya shigo Birnin Kebbi sayen taki ne ya ce bari ya biyo mu gaisa. Muka gaisa. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya yaba itatuwan makaranta. Sannan ya ja ni gindin wata darbejiya nesa da tagogin aji.

"Malam, wani abokina na ya aiko ni. Yana cikin waɗanda sunka ɗan taɓa ruwan nan. Ɗigo biyu, sau uku. To shi ne yake son ya ji, in abin zai nuna, sai yaushe ya ka nunawa?"

Na ce, "Ka gaya wa abokinka ya kwantar da hankalinsa. Ruwan teku ne da ɗan ruɓaɓɓen abu a ciki. In bai yi masa ciwon ciki a ranar ba, ya wuce."

"Ba abin da zai canza?"

"Ko kaɗan."

"Murya, ko tafiya, ko son zama cikin gida?"

"Babu."

Ya sauke numfashi, ya yi hamdala, ya share goshi da hannun riga. Har ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya dawo, fuskarsa ta canza.

"Dakata, Malam. Wato ta can ɗin ma, wadda anka sha shi dominta, ba ya yin komi?"

Na ce ba ya yi.

Ya kalli ƙasa. Can ya ce, "To abokina ya ce shi ya ga alama a makon farko."

Na ce to Allah ya ƙara lafiya. Ya ce amin, ya roƙe ni kada in gaya wa Kawu ya zo, domin abokin nasa mutum ne mai kunya. Na raka shi bakin titi, ya tare ɗan acaba, ya tattara babbar rigarsa ya hau. An buga ƙararrawar canjin darasi, na koma aji na ci gaba da zanen hanjin akuya.